Biyar da Shida: Lissafin da Aka Yi a Kan Yaran Kano

Duk wanda ya tashi a ƙasar Minjibir ya iya kwatanci tun kafin ya shiga makaranta. Gonakinmu a manne suke da juna, kunyar wannan tana kallon kunyar wancan, don haka ba a iya ɓoye wa maƙwabci abin da damina ta bayar. Idan wani ya shuka sabon irin wake ya fi na kusa da shi kyau, kafin kaka labari ya zaga gari. Amma dattijon manomi ba ya saurin gaskatawa. Zai ce ai waccan gonar ta sha takin gida bara, ko ta fi riƙe laima, ko ita aka fara yi wa noma. Abin da yake tambaya shi ne: irin ne ya kawo bambancin, ko wani abu dabam, ko kuwa dace ne kawai?

Wannan tambayar ce likitoci suke yi idan suna son sanin ko sabon magani ya fi tsoho. Ana raba marasa lafiya gida biyu, a ba wa waɗannan sabon, a ba wa waɗancan tsohon, sannan a ƙirga kashi nawa cikin ɗari suka warke ko suka rasu a kowane gida. Daga nan sai a ajiye kaso biyun gefe da gefe. A ƙasar Kano an taɓa yin irin wannan ƙirge a kan yara kusan 200, aka fito da lamba biyu, 5 da 6, waɗanda aka shafe shekara fiye da goma ana shari'a a kan abin da ke bayansu. Kafin mu kai gare su, bari mu ga inda dabarar auna irin waɗannan lambobi ta samo asali.

Daga gona aka fara

A 1900 wani masanin lissafi a Landan, Karl Pearson, ya fito da hanyar auna nisan da ke tsakanin abin da aka ƙirga da abin da ake sa ran gani in da dace ne kaɗai ke aiki. Amma wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Ronald Fisher, wanda a 1919 ya kama aiki a Rothamsted, wata tsohuwar gonar gwaji a Ingila. Matsalarsa irin ta dattijon nan ce: ƙasa ba ta zama iri ɗaya ko da a gona guda. Idan mai gwaji ne zai zaɓi inda zai shuka sabon iri, ko bai yi niyya ba hannunsa zai iya karkata zuwa wuri mai kyau. Maganin da Fisher ya kawo shi ne a yanka gonar ƙanana-ƙanana, a maimaita kowane iri a wurare da dama, kuma ƙuri'a ce za ta faɗi wane iri zai faɗa wane yanki. Ƙuri'a ba ta san dangin kowa ba. Takin bara da laima da inuwar gawo duk za su rabu tsakanin ɓangarorin ba tare da son kai ba.

Mai son ganin wannan da idonsa ba sai ya je Ingila ba. A gonar gwaji ta cibiyar IITA da ke nan Minjibir, inda aka daɗe ana gwada nau'o'in wake masu saurin nuna da masu jure wa wuta-wuta, haka ake yanka fili ƙanana-ƙanana, kowane yanki da alamarsa. Dabarar da ake tantance irin wake da ita, ita ce ta shiga asibiti daga baya.

Ƙwaryar wake

Ta shiga asibiti sosai ne a 1948, lokacin da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta buga sakamakon gwajin streptomycin a kan masu tarin fuka. Maganin sabo ne, kuma ɗan kaɗan ƙasar ta samu, ba zai isa kowa ba. Austin Bradford Hill, masanin ƙididdiga da ke cikin aikin, ya tsara a raba marasa lafiyar da ƙuri'a, a rufe sakamakon ƙuri'ar cikin ambulan, yadda likita ba zai san inda mutum zai faɗa ba sai bayan an karɓe shi. Mutum 107 suka shiga. 55 suka samu maganin tare da hutun gado, 52 suka samu hutun gado kaɗai, wanda shi ne abin da ake yi wa masu cutar a lokacin. Bayan wata 6, mutum 4 suka rasu a ɓangaren farko, 14 a na biyu. Wato kusan kashi 7 cikin ɗari da kuma kashi 27.

Ido ya ga bambanci. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a maganar rai ana bukatar mudun kansa. Ga yadda mudun yake aiki.

Ana farawa ne da ɗaukar matsayin mai gardama, a ce maganin bai yi komai ba. Wannan shi ake kira zaton babu bambanci. In haka ne, mutum 18 ɗin da suka rasu da ma za su rasu ko a wane ɓangare suka faɗa, ƙuri'a ce kawai ta jefa 14 gefe guda. To, mu gwada. Mu zuba ƙwayar wake 107 a ƙwarya, 18 ja, 89 fari. Mu rufe ido, mu gauraya, mu ɗebi 55 gefe, mu bar 52. A yawancin lokuta za mu tarar da jajaye 8, ko 9, ko 10 a kowane gefe. Sau nawa rabon zai karkace har ya kai 4 da 14? Mu masu rubuta manhaja, layi kaɗan ya ishe mu mu sa kwamfuta ta maimaita wannan ɗiba sau dubu ɗari kafin shayi ya huce. Amsar ita ce kusan sau 1 cikin 100.

Wannan adadin shi ne abin da takardun bincike suke kira ƙimar p. Yana faɗa mana yadda zai yi wuya dace kaɗai ya haifar da bambanci mai girman wanda muka gani. Idan ya yi ƙanƙanta, sai a ce gardamar nan ba ta da ƙarfi, a yarda maganin ya yi aiki. Masu bincike sun saba sa iyaka a sau 1 cikin 20. Iyakar al'ada ce da aka yi ittifaƙi a kai, ba wahayi ba. Gwajin Pearson da na Fisher, da sauran waɗanda ɗaliban likitanci suke haddacewa, duk hanyoyi ne na samun amsar ƙwaryar nan ba tare da an zauna ana ɗibar wake ba.

Darasin Garki

Ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce ga irin wannan bincike. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban aiki a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, arewa maso gabas da mu. A lokacin Garki tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. Da farko an ɗauki fiye da shekara ana bin gida-gida ana duba jinin mutane kowane mako 10, ba a taɓa komai ba, don a san yadda cutar take hawa da damina ta sauka da rani. Sannan a daminar 1972 da ta 1973 aka yi wa ɗakunan wasu ƙauyuka feshin maganin sauro mai suna propoxur, wasu aka haɗa musu feshin da rabon ƙwayar magani ga kowa da kowa, wasu kuma aka bar su don kwatanci.

Inda aka haɗa feshi da yawan shan magani, kason masu ƙwayar cutar a jini ya faɗi ƙasa ƙwarai, amma yaɗuwar cutar ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia sun tattara sakamakon a littafin da hukumar ta buga a 1980, wanda har yau masu binciken maleriya suke komawa gare shi.

Garki ta nuna wani abu da ƙwaryar wake ba ta nuna ba. Lissafin ƙwarya yana ɗauka kowace ƙwaya zaman kanta take. Amma mutanen ƙauye guda kududdufinsu ɗaya, saurayen da ke cizonsu ɗaya. Idan aka kwatanta mutum dubu na wani ƙauye da mutum dubu na wani, kusan ƙauye biyu aka kwatanta, ba mutum dubu biyu ba. Wanda ya zuba lambobin a gwajin kaso biyu kai tsaye zai samu ƙimar p ƙarama, ya yi murna a banza. Shi ya sa aka sa ƙauyuka da dama a kowane rukuni, aka kuma kwatanta kowane ƙauye da yadda yake kafin a fara.

Asibitin Zana, 1996

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Nijeriya. Sama da mutum dubu 100 suka kamu, sama da dubu 11 suka rasu. Kano na cikin inda abin ya fi muni, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke birni, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya tumbatsa. Likitocin ƙungiyar MSF suna can suna yi wa marasa lafiya allurar chloramphenicol, wadda ita ce aka saba amfani da ita a annobar sanƙarau a Afirka.

Cikin wannan hali ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka da sabon magani, trovafloxacin, wanda suka sa wa sunan kasuwa Trovan. Ba a riga an ba shi lasisi ba. Suka ɗauki yara kusan 200, kusan rabi suka samu Trovan, rabi suka samu ceftriaxone, sanannen maganin sanƙarau. Cikin 'yan makonni suka gama suka tafi. Yara 11 suka rasu: 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɓangaren ceftriaxone. Wasu daga waɗanda suka rayu sun tashi da kurumta, ko shanyewar gaɓa, ko lalurar ƙwaƙwalwa. Iyaye suka ɗora alhakin a kan gwajin, kamfanin kuma ya ce aikin sanƙarau ne, wadda da ma takan bar irin wannan tabo.

Kamfanin ya riƙa kafa hujja da lambobin: ga shi sabon maganin bai gaza tsohon ba, har ma ya ɗan fi. Mu koma ƙwaryarmu. Don sauƙin lissafi mu ce yara 100 ne a kowane ɓangare. Wake 200, jajaye 11. Lamba 11 ba ta rabuwa biyu daidai, don haka 5 da 6 shi ne rabo mafi kusa da daidai da za a iya samu, kuma dace kaɗai zai ba da shi kusan rabin lokaci. Gwajin bai nuna wani bambanci ba. Wannan gaskiya ne.

Amma rashin ganin bambanci dabam, tabbatar da cewa babu shi dabam. Wanda ya leƙa rijiya da dare bai ga guga ba, bai isa ya rantse babu guga a ciki ba. Idan muka lissafa tazarar da waɗannan lambobi suka bari a buɗe, za mu ga sun dace da maganin da ke rage mutuwar yara 7 cikin kowane ɗari, sun kuma dace da wanda ke ƙara mutuwar yara 5 cikin ɗari. Duka biyun suna cikin abin da 5 da 6 za su iya nufi. Mu sake juya lissafin. A ce sabon magani yana ninka mace-mace, daga kashi 6 zuwa kashi 12. Gwaji mai yara 100 a kowane ɓangare zai iya kama wannan mugun bambanci ne kusan sau 1 cikin 3 kawai, sau 2 zai wuce shi bai gani ba. Don a samu kyakkyawar damar kama shi ana bukatar yara kusan 350 a kowane ɓangare. In kuwa ana son a nuna maganin yana rage mace-macen da rabi, daga kashi 6 zuwa 3, sai an samu kusan 750 a kowane ɓangare. Duk lokacin da abin da ake ƙirgawa ya yi ƙaranci, yawan mutanen da ake bukata yana hawa. Saboda haka ne gwajin allurar shan inna da aka yi a Amurka a 1954 ya sa yara sama da dubu 200 a kowane ɓangare.

Akwai matsala ta biyu wadda babu ƙimar p da za ta gyara. Kwatanci yana da amfani ne idan abin da aka kwatanta da shi cikakke ne. A gwajin Kano an rage yawan ceftriaxone da aka riƙa ba wa yaran zuwa ƙasa da awon da aka saba. Kamfanin ya ce ya rage ne saboda zafin allurar, kuma abin da aka bayar ya wadatar. Masu ƙara suka ce ragin ya raunana tsohon maganin, ya sa sabon ya yi kyan gani. Ko wace magana mutum ya ɗauka, manomi ya san cewa idan aka hana gonar kwatanci taki, ba a gwada iri ba.

An kuma yi wani kwatancen, cewa kashi 94 cikin ɗari na yaran gwajin sun rayu, alhali a annobar gaba ɗaya kusan mutum 1 cikin 10 ne yake rasuwa. Nan ma sai a yi hattara, domin ba ƙuri'a ce ta raba waɗannan rukunai biyu ba. Yaron da aka zaɓa a asibitin birni, ga likitoci a kansa, ba ɗaya yake da wanda aka ɗauko daga ƙauye bayan kwana uku yana sanƙarewa ba.

Abin da ya biyo baya

Amurka ta ba Trovan lasisi a ƙarshen 1997 don manya, ba don yara ba. A 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta, ta taƙaita amfani da shi ƙwarai, Turai kuma ta dakatar da shi. A Disambar 2000 jaridar Washington Post ta fito da labarin gwajin Kano. Iyaye da dama suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, ba a kuma gaya musu akwai sanannen magani a asibitin ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye sun amince da baki. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahoto a 2001 yana cewa gwajin ya saɓa doka, amma rahoton bai fito fili ba sai 2006. A 2007 Jihar Kano ta kai ƙara. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayar halitta.

Asarar da ta fi wannan ba ta shiga takardar sulhu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2003, da aka yi ta raɗe-raɗin cewa ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da abin hana haihuwa, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin a Kano har zuwa Yulin 2004. A tsakanin nan cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara suka nakasa a ƙauyukanmu da ma nesa da mu. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Uku da biyar

Kada mai karatu ya ɗauka darasin shi ne a guji gwaji. Ba a san maganin da ke aiki ba sai an gwada, kuma duk ƙwayar da muke saya a kemis a jikin 'ya'yan wasu aka fara auna ta. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, wanda ya wajabta amincewar kwamitin ɗa'a da yardar mai shiga bayan an yi masa bayani.

Daga 2016 likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da takwarorinsu na Kaduna da na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, sun yi wani gwaji mai suna SPRING a kan yara masu sikila waɗanda hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Yara 220 ne, ƙuri'a ta raba su: 109 suka sha ƙaramin awon hydroxyurea, 111 suka sha matsakaici. Ba a bar kowa babu magani ba. Yara 3 suka samu shanyewar a ɓangaren farko, 5 a na biyu. Girman gwajin kusan ɗaya da na 1996, kuma lissafi bai yi masa sassauci don na gida ne ba: 3 da 5 ma ba su isa su tabbatar awon biyu daidai suke ba. Abin da ya bambanta shi ne an rubuta tambayar da tsarin a rajistar duniya tun kafin a fara, an nemi yardar iyaye, an bi yaran fiye da shekara biyu, an tsayar da gwajin da aka ga ci gaba ba zai nuna fifikon matsakaicin awo ba, sannan aka buga komai a mujallar Lancet Haematology a 2022, har da faɗin tazarar da lambobin suka bari. Sun kuma faɗi abin da bai yi wa ƙaramin awo daɗi ba, cewa masu shan sa sun fi yawan kwanciya asibiti. Duk mai shakka zai iya ɗaukar lambobin ya sake lissafi da kansa.

Yau kaso biyu suna iso mana kullum ta waya. Mai tallar maganin gargajiya a rediyo, da saƙon WhatsApp da ke cewa wata allura ta kashe mutane, da jami'in da ya zo ƙofar mai unguwa da takarda, kowa da nasa kashi cikin ɗari. Ba sai mun iya lissafin Fisher ba kafin mu yi tambayoyin da dattijon manomi yake yi. Cikin mutum nawa? Da wa aka kwatanta su, kuma me aka ba waɗancan? Wa ya raba su, ƙuri'a ko mai kayan? In an ce babu bambanci, an duba mutanen da suka isa a gan shi in yana nan? In kuma ɗanmu ake so a sa a ciki, akwai tambayar da ta riga duk waɗannan: an gaya mana gwaji ne, kuma an gaya mana muna iya cewa a'a ba tare da an hana shi magani ba?

Yara 11 na Asibitin Zana, da suna raye da yanzu magidanta ne da iyayen 'ya'ya, wasunsu sa'o'inmu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.